Gitar bas mai gurnani: wane akwatin lasifika ne ya dace da ita?

A cikin kayan kiɗan zamani da suka zo mana daga Turai da Amurka, babu wanda jama'a suka fi ji a jikinsu kamar gitar bas, babu kuma wanda ba su cika lura da shi ba kamarta. Ita ce gitar nan mai dogon wuya da tsirkiyoyi huɗu masu kauri, wadda mai kaɗa ta kan tsaya can baya kusa da mai ganguna. In tana tafiya daidai ba mai waiwayarta, in ta yi shiru kuwa sai masu rawa su tsaya suna duban juna. Kamfanin Fender na ƙasar Amurka ne ya fara fid da ita kasuwa da yawa a shekara ta 1951. Ba ta da muryar kanta da za ta cika fili, sai an haɗa ta da na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda makaɗa ke kira ampili, shi kuma ampilin a haɗa shi da akwatin lasifika, wanda masu jin Faransanci ke ce wa baful.

Galibin masu bas sauti mai tsabta suke nema. Amma akwai waɗansu, musamman masu kiɗan rok na Ingila da Amurka, da ke ɗora wa ampili abin da ya fi ƙarfinsa da gangan, ko su sa wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, watau feda, tsakaninsa da gitar, har sautin ya dishe ya koma kamar kukan babbar mota a kan tudu. Turawa suna da sunaye uku ko huɗu ga wanga abu, gwargwadon tsananinsa. Mu a nan gurnani za mu ce, kalmar ta wadatar. Tambayar da ke gabanmu ita ce, wane akwati ya kamata mai irin wanga kiɗa ya zuba kuɗinsa a kai? Mai karatu zai yi mamakin amsar, domin akwatin da ya fi tsada, wanda ke fid da kowane sauti bai rage kome ba, sau da yawa shi ne ya fi ɓata gurnani. Wanda ya dace shi ne wanda ke zubar da wani sashe na abin da aka ba shi.

Yadda gurnani ke samuwa

Kowane sauti girgiza ne. In aka taɓa tsirkiya sai ta yi ta kai da komowa, ta girgiza iska, iska kuma ta girgiza dodon kunne. Masana suna ƙidaya yawan girgizar cikin sakan guda, suna kiran ma'aunin harz, da sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz. In girgizar kaɗan ce sauti ya yi kauri, in tana da yawa ya yi siriri. Tsirkiyar bas mafi kauri, wadda waɗanda suka koyi waƙa a lakwal suka sani da sunan Mi, tana girgiza sau 41 a sakan. Mai bi mata, La, sau 55, Re sau 73, Sol sau 98. Bas mai tsirkiya biyar tana da ƙarin guda, Si, mai sauka har 31. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga wajen harz 20 zuwa 20.000, ke nan bas tana zaune can ƙasan abin da ɗan Adam ke iya ji.

Sai dai tsirkiya ba ta fid da sauti guda tak. Tare da uwar sautin akwai waɗansu ƙanana masu bin ta, waɗanda za mu kira 'yan rakiya. In uwa tana 41, na fari yana wajen 82, na biyu 123, na uku 164, haka har sama, galibi suna ƙara rauni in ana hawa. Su ne ke sa a bambanta muryar goge da ta algaita ko da waƙa ɗaya suke bi.

To, ampili yana da iyakar da ba ya iya wucewa. In aka ba shi abin da ya fi ƙarfinsa sai ya sare kan igiyar sautin sama da ƙasa. Igiyar da a da take hawa da sauka sannu-sannu kamar tudun rairayi, sai ta koma mai kusurwa kamar tubalin siminti. Wanga sarewa ne ke haifar da sababbin 'yan rakiya masu ɗimbin yawa waɗanda tsirkiya ba ta taɓa fitarwa ba, har su kai harz 10.000 su wuce. Na tsakiya, daga wajen 300 zuwa 3.000, su ne gurnanin da ake so, su ke sa bas ta keta ta cikin hayaniyar gitoci da ganguna a ji ta. Na sama da 5.000 kuwa ba abin da suke ƙarawa sai ziza irin ta rina, ko ƙarar ruwa in ya faɗa cikin tafasasshen mai. Matsalar duka ke nan, ampili ba ya rarrabewa, gari da tsaki tare yake turo su.

Kunnenmu dai ba baƙo ba ne ga sauti mai ƙura. Masu garaya da molo sun daɗe suna ɗaura ɗan ƙarfe mai zobba a kan wuyan abin kiɗansu domin muryar tsirkiya ta fito da kaushi. Su ma sun san in kaushin ya yi yawa yana cinye waƙar.

A wajen Turawa abin da haɗari ya soma. A birnin Nashbil na Amurka ana ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna Don't Worry, wadda ta fito a 1961, sai wani sashe na teburin haɗa sauti ya lalace, bas ɗin Grady Martin ta fito a dishe. Maimakon a sake ɗauka sai aka bar ta haka, jama'a kuma suka so ta. Injiniyan ɗakin, Glenn Snoddy, ya ƙera 'yar na'urar da ke kwaikwayon wannan lalacewa, kamfanin Gibson ya sayar da ita daga 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. A 1965 Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sa irin wanga sauti cikin waƙar Think for Yourself. A lura da abin da ya yi, domin za mu komo kansa a gaba: bas biyu ya kaɗa, ɗaya mai tsabta ɗaya mai gurnani, aka ɗora su bisa juna.

Akwati shi ne rariya

Lasifika ba wani abu mai wuyar ganewa ba ce. Kwano ne na takarda mai kauri, mai siffar malafa, an manne masa naɗin siririyar wayar tagulla a gindi, naɗin kuma yana zaune cikin maganaɗisu. In wutar ampili ta bi ta wayar sai kwanon ya yi gaba da baya, ya tura iska. 'Yan kasuwa da inci suke faɗin girmanta: 10, 12, 15 da 18, watau santimita 25, 30, 38 da 46. In aka ga an rubuta 4x10 a jikin akwati, lasifika huɗu ke nan masu inci 10.

Kwano mai irin wanga girma yana da nauyi, ba ya iya bin girgiza mai tsananin sauri. Lasifika mai santimita 25 ko 30 takan yi shiru da kanta in an kai wajen harz 4.000 zuwa 5.000. Ga mai sauraron faifai a ɗaki wannan kasawa ce. Ga mai gurnani kuwa ita ce rariyar da ke tankaɗe masa sauti, ta bar gari ya wuce ta riƙe tsaki. Galibin gurnanin da aka ji a faifan shekarun 1960 da 1970 aka yi sha'awarsa, ta cikin irin wagga rariya ya biyo.

Akwati biyu ne suka yi suna a zamanin. Na fari na Jim Marshall ne, mai kantin kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta yammacin Landan, wanda ya fara ƙera ampili a 1962 yana kwaikwayon wani ampilin bas na Fender mai suna Bassman. Na Fender bayansa a buɗe yake, shi kuwa Marshall ya zuba lasifika huɗu masu santimita 30 na kamfanin Celestion cikin akwati rufaffe. John Entwistle, mai bas na ƙungiyar The Who, yana cikin waɗanda suka fara saye, domin gangunan Keith Moon suna hana shi jin kansa. A 1965 shi da mai gitarsu Pete Townshend suka matsa wa Marshall ya yi musu ampili mai wat 100. Aka haɗa shi da akwati mai lasifika takwas, masu ɗaukar kaya suka ce ba su iyawa, sai aka raba shi biyu aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Da irin wagga hasumiya Jack Bruce ya yi kiɗansa cikin ƙungiyar Cream daga 1966 zuwa 1968.

Na biyu na kamfanin Ampeg ne na Amurka, wanda ya fid da ampilin SVT mai wat 300 a 1969, shekarar da ƙungiyar Rolling Stones ta zagaya Amurka da shi. Akwatinsa yana da lasifika takwas masu santimita 25, an kasa cikinsa ɗaki huɗu rufaffu, kowane ɗaki lasifika biyu. Nauyinsa ya haura kilo 60, makaɗa kuma suna yi masa laƙabi da firji saboda siffarsa. Abin lura shi ne abin da takardar bayanin kamfanin ta nuna game da samfurin da ake kira SVT-810E: cikakken ƙarfinsa daga harz 58 ne zuwa 5.000. Ke nan akwatin bas da ya fi kowane suna a duniya ba ya fid da uwar sautin Mi, mai 41, da cikakken ƙarfi, ba ya kuma taɓa zizar sama. Ya yanke ƙasa, ya yanke sama, ya tsaya a tsakiya inda gurnani yake.

Wani zai ce, in uwar sautin ta raunana, ina amfanin bas? Amsar tana cikin halittar kunne. In kunne ya ji 82 da 123 da 164 a jere, sai ƙwaƙwalwa ta cika 41 da kanta ko da ba ta iso ba. Shi ya sa ake jin tafiyar bas a ƙaramar rediyo mai batir, alhali lasifikarta ba ta fi tafin hannu ba. Gurnani kuwa, tun da yake ƙara wa 'yan rakiya ƙarfi yake yi, yana taimakon kunne ga wanga aiki.

Ƙahon da ya zo daga baya

Cikin shekarun 1980 yayi ya sake. Salon marin tsirkiya da babban yatsa da fizgarta, wanda Larry Graham na Amurka ya shahara da shi tun ƙarshen shekarun 1960, ya bazu ko'ina, shi kuwa yana bukatar sauti mai ƙyalli. Sai kamfanoni irin su SWR suka shiga sa wata ƙaramar lasifika mai siffar ƙaho a tsakiyar akwati, wadda ake kira tiwita, mai ɗaukar sauti daga wajen harz 3.000 ko 4.000 har ya haura 15.000. Tun daga nan galibin akwatunan bas da ke kanti da ƙaho suke zuwa, mai kanti kuma da shi yake yabon hajarsa.

Ga mai sauti mai tsabta ƙaho alheri ne. Ga mai gurnani kuwa kamar an huda rariyar ne. Duk zizar da kwanon takarda ke riƙewa sai ƙaho ya karɓe ta ya watsa wa jama'a a kunne. Samari da yawa sukan sayi feda mai tsada, su ji sautin ya fito kamar ana yaga kwano, su ɗora laifi a kan fedar su sayar da ita da hasara, alhali laifin yana cikin akwati. Ga kuma ɓarna ta biyu. Wayar ƙaho siririya ce ƙwarai, an yi ta ne domin 'yan ƙananan sautukan da ke zuwa su wuce nan da nan. Gurnani kuwa ba ya yankewa, yana ɗura mata wuta ba hutu har ta ƙone.

Maganin ba shi da wuya. Yawancin akwatuna masu ƙaho suna da maɓalli a baya na rage shi ko kashe shi. Mai saye ya juya akwatin ya duba kafin ya tambayi kuɗi. In babu maɓallin, a ganina ya bar shi ya nemi wani, sai fa in yana da ampili ko feda mai matacin da ke yanke duk abin da ya haura harz 4.000 ko 5.000. Wanda ke kaɗa sauti mai tsabta a wata waƙa, mai gurnani a wata, shi ya fi kowa bukatar wanga mataci, domin ba ya yiwuwa ya riƙa zagayawa bayan akwati tsakanin waƙa da waƙa.

Masu bin tafarkin akwatin gita

Akwai waɗanda suka kai abin matuƙa. Lemmy Kilmister, wanda ya kafa ƙungiyar Motörhead a 1975 ya kuma rasu a watan Disamba na 2015, da gita ya fara kafin ya koma bas, bai kuwa bar halin mai gita ba. Bas ɗinsa ta kamfanin Rickenbacker ce, ampilinsa Marshall mai wat 100, yana rage maɓallin kauri da na siriri, ya buɗe na tsakiya har ƙarshe. Akwatunansa ɗaya mai lasifika huɗu ne masu santimita 30, ɗaya mai huɗu masu 38, ba ƙaho ko ɗaya. Jean-Jacques Burnel na ƙungiyar Stranglers, haifaffen Landan wanda iyayensa Faransawa ne, sautin da aka san shi da shi a faifansu na fari na 1977 ya samo asali ne daga wani akwatin Marshall wanda kwanoninsa suka yayyage.

Labaran nan suna da daɗin ji, amma kada su ruɗi mai ƙaramin jari. Lasifikar gita ba a yi ta domin doguwar tafiya gaba da baya ba, ita kuwa bas doguwar tafiya take nema. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da yawan girgiza ya ragu da rabi, sai kwano ya ninka tafiyarsa sau huɗu kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya. Tsohuwar lasifikar Celestion ta wancan zamani wat 20 ko 25 take ɗauka. Lemmy ya tsira ne domin ya rage kauri tun daga ampili. Wanda ya haɗa bas da akwatin gita ya buɗe maɓallin kauri, kwana kaɗan zai kai shi wurin mai gyara.

Rufaffe ko mai taga, babba ko ƙarami

Akwatin bas iri biyu ne. Rufaffe ba shi da kafa ko ɗaya, iskar da ke ciki tana tare kwano kamar matashi, ba ta barinsa ya yi tafiyar da ta wuce kima. Ƙarfinsa yana raguwa sannu-sannu in ana sauka ƙasa, sautinsa kuma a ɗaure yake, yana tsayawa da zarar an tsai da tsirkiya. Mai taga kuwa an bar masa kafa ko bututu wanda aka auna shi domin iskar ciki ta taimaki kwano a wani sauti na ƙasa, galibi tsakanin harz 40 da 50. Lissafin wanga aiki Neville Thiele na ƙasar Ostareliya ne ya shimfiɗa shi a 1961, Richard Small ya ƙarasa shi a farkon shekarun 1970. Mai taga ya fi ba da kauri da wuta kaɗan, amma ƙasa da sautin da aka auna tagar ba abin da ke riƙe kwano, sai ya yi ta kaɗawa a banza kamar tuta har ya yage. Mai bas mai tsirkiya biyar ya kiyaye da wannan.

Ni dai rufaffe nake zaɓa wa gurnani, domin kauri mai yawa yana lulluɓe tsakiya, tsakiyar kuwa ita ake nema. Amma ba doka ba ce. Akwai fedoji da yawa masu cinye kauri da kansu, musamman waɗanda aka yi domin gita, mai irinsu sai ya ga taga ta mayar masa da abin da ya rasa.

Game da girma, an daɗe ana cewa babbar lasifika ita ce mai kauri, ƙarama mai siriri. Maganar ba ta cika ba. In aka haɗa faɗin kwano huɗu masu santimita 25 sun fi kwano guda mai 38 tura iska, kauri kuma ya dogara ne ga girman akwati da irin ƙirar lasifikar. Inda girma ke da tasiri sosai shi ne wajen watsa sauti. Babban kwano yana tattara siririn sauti ya harba shi gaba kamar hasken tocila. Mai santimita 38 yana fara haka tun wajen harz 1.000, mai 25 sai wajen 1.600. Ke nan wanda ke tsaye daidai gaban babbar lasifika yana shan gurnani har ya ishe shi, na gefe kuwa ba abin da ke isa gare shi sai dundum. Saboda wannan dalili lasifikokin da aka jera tsaye, ɗaya bisa ɗaya, sun fi waɗanda aka jera kwance rarraba sauti dama da hagu, suna kuma kawo shi kusa da kunnen makaɗin maimakon gwiwarsa.

Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa injiniyan Amurka Josef Anton Hofmann: ƙanƙantar akwati, da zurfin kauri, da ƙarfin murya da wuta kaɗan, biyu kaɗai ake samu cikin ukun. Maganaɗisun niyodimiyom da ya yaɗu tun shekarun 2000 ya rage nauyin akwatuna ƙwarai, amma bai karya wagga ƙa'ida ba.

Zafi ne ke kashe lasifika

A nan ne kuɗi ke ƙonewa, don haka sai mu dakata kaɗan. Sautin bas mai tsabta yana tashi da ƙarfi lokacin da aka taɓa tsirkiya, sa'an nan ya sauka, naɗin waya ya sami damar hucewa kafin na gaba. Gurnani ba ya sauka, a sama yake zama tun daga fari har ƙarshe. Bugu da ƙari, igiyar da aka sare ta zama mai kusurwa sosai tana ɗauke da ninki biyu na wutar igiya mai tsabta mai tsawo ɗaya da ita. Watau ampilin da aka rubuta wa wat 100, in aka matse shi har ƙarshe, yana iya tura abin da ya kusa 200. Kusan dukan wutar da ke shiga lasifika kuwa zafi take komawa, ɗan kaɗan ne ke zama sauti. Naɗin waya yana iya kai digiri 200, tagulla kuma in ta yi zafi tana ƙara hana wuta wucewa, sai murya ta ragu. Makaɗi ya ji ta ragu ya ƙara murɗa maɓalli, zafi ya daɗu, haka har wari ya tashi. Saboda haka mai gurnani ya nemi akwatin da wat ɗinsa ya kai ninki biyu na ampilinsa, ya kuma duba adadin da aka rubuta RMS a gefensa, domin shi ne abin da akwatin ke jurewa a kai a kai. Sauran manyan lambobin talla ne.

In murya ta kasa, ƙarin lasifika ya fi ƙarin wat amfani. Ninka wat sau biyu desibel 3 kaɗai yake ƙarawa, alhali sai an sami wajen desibel 10 kunne ke cewa ƙara ta ninka. Akwati na biyu irin na fari yana raba zafin biyu, yana kuma ƙara yawan iskar da ake turawa. Amma a kula da om, ma'aunin nauyin da akwati ke ɗora wa ampili. Akwati biyu masu om 8 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun zama om 4, biyu masu om 4 sun zama 2, ampili da yawa kuwa ba su jure 2. Ampili mai ƙwan fitila, irin na Marshall da Ampeg da muka ambata, dole a daidaita maɓallin om ɗinsa da na akwati, kada kuma a kunna shi ba akwati ko na minti ɗaya, domin taransifomarsa tana iya ƙonewa.

Raba hanya biyu

Mu koma ga bas biyun McCartney. Abin da ya yi a ɗakin ɗaukar faifai, waɗansu sun yi shi a dandali da bas guda. Chris Squire na ƙungiyar Yes ya raba sautin bas ɗinsa biyu, kauri ya tafi ampilin bas da tsabtarsa, siriri ya tafi ampilin gita ya yi gurnani. Entwistle ma ya bi irin wagga hanya, haka Mike Kerr na ƙungiyar Royal Blood, wadda faifanta na fari ya fito a 2014, inda bas da ganguna kaɗai ke cika wurin ƙungiya sukutum. Hikimar ita ce kowane akwati yana yin aikin da aka ƙera shi dominsa. Wanda ba shi da halin ampili biyu yana samun kusan haka da feda mai maɓallin gauraya, mai barin kauri ya wuce da tsabtarsa ya dishe sama kaɗai. Kamfanin Darkglass na ƙasar Finlan da irin waɗannan fedoji ya yi suna.

Saura wani tarko. A manyan wasanni akan ja waya kai tsaye daga bas zuwa sono, watau manyan lasifikokin da ke fuskantar jama'a, su kuwa duka da ƙaho suke. Makaɗi yana jin gurnani mai daɗi daga akwatinsa, jama'a suna shan ziza. Ko dai a kafa makirfo gaban akwatin, ko a bi da wayar ta cikin na'ura mai kwaikwayon rariyar akwati, ko mai teburin sauti ya yanke abin da ya haura 5.000.

Gwaji kafin biya

Mai saye ya tafi kanti da bas ɗinsa da fedarsa da ampilinsa, kada ya yarda da na mai kanti. Ya kashe ƙaho ya ji, ya kunna ya ji. Ya buɗe murya daidai yadda zai buɗe ta wurin wasa, ya daɗe yana kaɗawa har akwatin ya ɗumama, domin akwati mai sanyi ba ya nuna halinsa. Ya ba wani bas ɗin ya kaɗa, shi ya ja da baya taki goma, ya koma dama ya koma hagu. Ya sa ido ga kwano sa'ad da ake taɓa Mi: in yana tsalle mai yawa ba tare da ƙarin murya ba, ko ana jin wani ɓat-ɓat, iyakarsa ke nan.

Ƙungiyoyinmu na Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa da Agadas, waɗanda galibin wasanninsu a fili ake yi wajen biki, suna da ƙarin abin dubawa. Alƙaluman kamfanoni da labaran makaɗan Turai duka na cikin ɗaki ne, inda bango ke maido da kauri. A fili ba bango, duk kuma ninka nisa sau biyu yana cin desibel 6. Ajiye akwati a ƙasa, bayansa kusa da katanga in akwai, yana maido da wani abu. Ga zafin watan Afrilu da Mayu mai haura digiri 40, wanda ke sa naɗin waya ya fara aiki da ɗuminsa tun ba a taɓa tsirkiya ba, ga ƙurar hunturu mai shiga ta taga ta taru cikin akwati. Akwatin da ya wuni cikin rana a bayan mota a bar shi ya huce a inuwa kafin a ɗora masa gurnani.

Kunnen makaɗi ma yana da nasa ma'auni. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin desibel 3 kuma yana rage lokacin da rabi, har a desibel 100 ya rage minti 15 kacal. Gurnani yana zaune ne daidai inda kunne ya fi saurin jin rauni. An auna wasan The Who a filin ƙwallon Charlton na Landan ran 31 ga watan Mayu 1976 aka sami desibel 126, Townshend da Entwistle kuma duka biyu sun yi fama da raunin ji daga baya. Mai tsayawa gaban lasifika takwas ya sayi abin toshe kunne irin na makaɗa rana ɗaya da akwatin.